Har Yanzu Ɗanki Ne



Wata Lahadi, a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu na ƙasar Gozaki, wata dattijuwa ta jira ni har jama'a suka watse. Ba zan faɗi ƙauyen ba. Ɗanta ya yi shekaru yana shugabancin ƙungiyar matasan garinsu, shi ke rubuta musu takardun neman taki da gyaran rijiya. Rana ɗaya sai ya ajiye muƙamin, ya tafi Legas, ya shiga cikin masu fafutukar kare haƙƙin masu sha'awar jinsinsu. Da labari ya iso gida, baffanninsa suka yanke cewa kada a ƙara ambaton sunansa, gonar gādonsa kuma a raba ta. Ta ce mini, "Fada, tambayata guda ce. Har yanzu ɗana ne?"

Koyarwar Ikilisiya ba ta sauya ba. Aure tsakanin namiji ne da mace, saduwa kuwa wurinta cikin aure ne kaɗai. Ko bayan takardar da Fadar Paparoma ta fitar a Disamban 2023 game da sa albarka, bishop-bishop na Afirka sun bayyana a Janairun 2024 cewa ba za a sa wa zaman jinsi ɗaya albarka a majami'unmu ba. Wannan mun riƙe shi da kyau.

Amma akwai rabin koyarwar da muke tsallakewa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a sakin layi na 2358, ya umarce mu mu karɓi waɗannan mutane da girmamawa da tausayi, mu kuma guji nuna musu wariya ta zalunci. Marigayi Paparoma Faransis ya ƙara jaddada haka a 2023, inda ya bambanta zunubi da laifin da ake ɗaure mutum dominsa.

Ku duba haɗarin da yaron nan ke ciki. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan shiga irin wannan ƙungiya. A watan nan ne kuma taron jama'a suka jefi kotu da duwatsu a Bauci, suna neman a kashe waɗanda ake tuhuma. Kalma ɗaya da za ka saki a kasuwar Malumfashi tana iya zama ajalin ɗan wani.

A Bisharar Yohanna, sura 8, an kawo wa Yesu mace da aka kama da zina. Bai kira zunubi da wani suna ba, ya gargaɗe ta ta bar shi. Sai dai kafin gargaɗin, ya fara sa masu duwatsu sun sauke hannuwansu. Mu kuwa sau da yawa da dutsen muke farawa.

Mu da kakanninmu suka fito daga Maguzawa, mun san ɗacin kora. Da yawa daga cikin iyayenmu an juya musu baya ranar da suka karɓi baftisma. Ashe za mu ɗora wa 'ya'yanmu abin da muka yi kuka a kansa?

Amsar da na ba ta ke nan: "Inna, ɗanki ne, baftismarsa kuma ba ta goge ba. Ki kira shi, ki faɗa masa gaskiya, ki bar masa ƙofa a buɗe." Ku kuma dangi, ku bar masa gonarsa. Sauranmu mu kame bakinmu daga tsegumi, mu durƙusa mu yi masa addu'a, domin wanda aka rufe wa ƙofa ba ya jin kiran tuba.

Allah Mai jinƙai ya ba mu zuciya irin ta Ɗansa. Amin.