Kyawun Hoto da Haƙƙin Wanda Aka Ɗauka

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallo na karkara ya san 'yan kallo ba su tambayar sunan wanda ya riƙe kyamara. Abin da ake tambaya a bakin ƙofa shi ne wane ne akta, wane ne bos, kuma akwai faɗa ko babu. Mu ma haka muka taso. A wani gidan kallo da ke kusa da kasuwar Gezawa, wanda aka kewaye da zana aka rufa da kwano, janareta yana ta ƙugi a waje, muka fara haɗuwa da James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila mai lamba 007, a cikin kaset ɗin bidiyo da ya sha kwafi har launinsa ya koɗe. Turancinsa ba mu ji sosai, amma babu abin da ya shige mana duhu a labarin, domin hoton ne yake yi mana magana. To wannan shi ne ya jawo tambayar da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa. Idan har hoto yana magana, wa yake yi wa shaida? Kuma shin gwaninta a sana'a tana wanke mai ita daga alhakin abin da ya nuna wa jama'a?

Mun zaɓi fina-finan Bond ne saboda dalili guda. Daga Dr. No na 1962 zuwa No Time to Die na 2021, kamfanin Eon ya yi guda 25, kuma kusan labari ɗaya ake maimaitawa: a tura shi aiki, ya haɗu da mace, a kama shi, ya kuɓuce, ya halaka bos. Wato tamkar gona ɗaya ce da hannuwa daban-daban suka noma shekara da shekaru. Tun da irin bai canja ba, ana iya gane hannun kowane manomi.

Ted Moore, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ne ya ɗauki na farkon, ya kuma yi aiki a guda bakwai. Haskensa a buɗe yake, ko'ina tas, tekun Jamaika shuɗi ƙal, babu lungun da ya bari a duhu. Sai aka kira Freddie Young, wanda ya ɗauki Lawrence of Arabia, ya yi You Only Live Twice na 1967 a Japan. A cikinsa akwai wani faɗa a kan rufin ɗakunan ajiya na tashar jiragen ruwa ta Kobe, inda kyamara ta ja da baya ta yi sama, har Bond da masu binsa suka koma kamar tururuwa a kan faifai. Duk wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Claude Renoir, Bafaranshe, ya ɗauki The Spy Who Loved Me na 1977 a Masar, ya yi wasa da fitilun da ake haska dalar Giza da su da dare, suna kunnuwa suna mutuwa, mai kisa yana ɓullowa yana ɓacewa. Na shekarun 1980 kuwa, a namu ganin, sun yi lami, hasken nasu kamar na wasan talabijin. Sai a 2006 Phil Méheux ya buɗe Casino Royale da hoto baƙi da fari, sannan a 2012 Roger Deakins ya zo da Skyfall, wanda shi ne na farko da aka ɗauka gaba ɗaya da kyamarar dijital, kuma wanda mutane da yawa suke ganin babu kamarsa wajen kyawun hoto a duk jerin.

A cikin Skyfall ɗin nan ne tambayarmu ta fara cizo. Akwai wurin da Bond ya bi wani maharbi zuwa saman wani dogon bene na gilashi a Shanghai. Babu fitila a ɗakin, sai hasken wani katafaren allon talla mai launin shuɗi da ke bayansu. Mutanen biyu suka kama kokawa, ba a ganin fuskar kowa, sai inuwa biyu baƙaƙe, bindiga tana tashi tana haska su kamar walƙiya, har ɗaya ya faɗo ƙasa. Mun kalli wannan wuri ya fi sau goma, kuma kowane lokaci abin da ke fitowa daga bakinmu shi ne, kai, wannan ya yi kyau! Sai daga baya mutum ya tuna cewa abin da ya yaba ɗin kisan kai ne. Deakins bai yi ƙarya ba, bai ƙara jini ba, hasali ma ya rage. Ya dai cire fuska, ya bar siffa. In kuwa aka cire wa mutum fuska, an cire abin da zai sa a tausaya masa.

Wani zai ce ai wasa ne, tatsuniya ce ta Turawa, Gizo ma ƙarya yake yi ba wanda ya kai shi kotu. Wannan magana tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Amma tatsuniya tana yin sallama kafin ta shigo, tana kuma yin ƙurunƙus in za ta fita, yaro ma ya san an buɗe ƙofar ƙarya an kuma rufe. Hoto ba ya yin haka. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a nan haɗarin yake, domin ido ba ya neman shaida biyu kafin ya gaskata. Ba wanda ya fito daga gidan kallo yana zaton akwai mota mai nutso cikin teku a bakin kasuwa. Amma da yawa sun fito suna zaton sun ga Masar, sun ga Indiya, sun ga Afirka.

Mu Hausawa muna da wata sa'a a nan wadda 'yan kallon Ingila ba su da ita. Tun zamanin da sinimomin Kano irin su Rex da Palace da Plaza suke cika maƙil, mun san Indiya ta bakin Indiyawa. Mun ga Mother India na 1957, mun ga mace tana jan garma da wuyanta, bashin mai ba da rance ya ci gonarta. Mun ga uwa da suruka da ɗan da ya bijire. Saboda haka da Octopussy na 1983 ya kai Bond birnin Udaipur, aka yi tsere a cikin kasuwa da irin keken nan da muke kira a-daidaita-sahu, nan da nan muka ga bambanci. Ga mai haɗiyar takobi, ga mai kwana a kan ƙusoshi, ga mai taka garwashi, duk an jera su a titi ɗaya kamar kayan koli. Da aka matsa wa Bond, sai ya watsa kuɗi sama, jama'a suka rufu a kai suna wawaso, suka tare wa abokan gabansa hanya. Launi ya fito, rana ta faɗi daidai, aikin kyamara ba laifi. Amma Indiyawan da muka sani masu suna da dangi da baƙin ciki, a wannan titin sun koma shinge.

To Afirka fa, wadda ba mu da wani Mother India da za mu auna ta da shi a lokacin? A Casino Royale an nuna sansanin 'yan tawaye a Mbale ta Uganda, ruwa yana zuba, taɓo ko'ina, yaro yana kawo wa madugu lemo. Wannan wuri a wani daji da ake kira Black Park aka ɗauke shi, kusa da ɗakunan shirya fim na Pinewood a Ingila. Madagaska ta cikin fim ɗin kuma a tsibiran Bahamas take. A Quantum of Solace na 2008 aka ɗauki arewacin Chile aka ce Bolibiya ce, alhali ƙasar nan ita ce wadda Bolibiya ta rasa a yaƙin da ya fara a 1879, har magajin garin Sierra Gorda ya kutsa da motarsa cikin wurin ɗaukar fim don nuna fushinsa, 'yan sanda suka kama shi. Sauya wuri ba zunubi ba ne a sana'ar fim, kowa yana yi. Abin lura shi ne yadda abin ya zo da sauƙi, domin ba Mbale ake nema ba tun farko, siffar hatsari ake nema, kuma ana ganin kowane taɓo da kowace baƙar fuska za su biya buƙata.

Bond bai taɓa zuwa Kano ba. Amma da ya zo, mun san inda za a kafa kyamara: Dutsen Dala da hantsi, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kurmi, dawakin hawan Daushe. Kuma mun san babur zai bi ta kan tiren tumatirin wata baiwar Allah, ba kuwa za a dawo a tambayi wanda zai biya ta ba.

Har cikin sinadarin hoton ma akwai wannan magana. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley, da shi ake daidaita launi. Fatar da ta yi nisa da tata sai ta fito a dushe, ido da haƙori kawai ake gani. Bincike ya nuna cewa cikin waɗanda kukansu ya sa aka gyara har da masu sayar da kujerun katako da masu yin cakulan, don kayansu masu launin ƙasa-ƙasa ba su fitowa da kyau a talla. Ashe abin da muke zaton na'ura ce kawai, ba ruwanta da kowa, ita ma da wanda aka auna ta da shi.

Kada mai karatu ya zaci za mu ce tun da haka ne gara namu hoton marar kyau, mai gaskiya. A'a. Wannan ita ce mafakar da muka daɗe muna laɓewa a cikinta. Tun daga Turmin Danya na 1990, lokacin da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano, in aka yi ƙorafin hoto sai a ce ai saƙo ne muhimmi, faɗakarwa muke yi. Sai a tsayar da 'yan wasa da tsakar rana, rana ta ƙone goshi ta bar idanu cikin rami, ko a shiga ɗaki da ƙwan lantarki ɗaya, tsohuwa tana kuka ba a ganin hawayenta. Rashin kuɗi gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma jiran la'asar ba ya cin ko kwabo, farin ƙyalle da za a mayar da haske kan fuska ma haka. Kuma ba a ce ba mu da magabata ba: Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, Sadik Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, dukansu sun nuna ana iya kallon ƙasar nan da natsuwa. Wanda ya bar fuskar ɗan'uwansa a duhu saboda ganda, da wanda ya cire ta da gangan don ƙawa, sakamakon ɗaya ne wurin mai fuskar, ko da niyyar ta bambanta.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne mun koyi kallon Bond ba mu koyi haskensa ba. Yadda yake yi wa Udaipur haka ɗan birni yake yi wa ƙauye. A fina-finanmu da littattafanmu da yawa, baƙauye abin dariya ne, mai faɗuwa a kan kujerar kushin, mai tsoron fanka. Wannan kallo ya girmi bidiyo, domin majigin zamanin Turawa, irin su Baban Larai, ya zo ƙauye ne don ya koya wa manomi noma. Alhali kuwa ƙasar da ke kewaye da Kano, wadda Gezawa take cikinta, ita ce masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazari, yana bayyana wa duniya yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Taki ne, da jakuna masu ɗauko shi, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, da barin itatuwa a tsakiyar gona. Akwai gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe. Akwai hazon hunturu da yake tace rana ta zama kamar farin faranti, hasken da masu ɗaukar hoto na Turai suke kashe kuɗi da hayaƙi da labule don su samu irinsa. Duk wannan yana nan a bakin titin da ya bi ta Jogana, kyauta.

Mu da muke riƙe da alƙalami ba mu tsira ba, domin siffantawa ita ce kyamararmu. Mu ne muke zaɓar inda za mu tsaya, wa za mu matso kusa da shi, wa za mu bari can baya. Kwanan baya muka ɗauko wani gajeren labari da muka rubuta shekarun baya, wanda muke alfahari da shi, a kan wani ma'aikaci da motarsa ta lalace a hanyar Gezawa da yamma. Shafi biyu muka ba faɗuwar rana. Mun siffanta jan sararin sama, da inuwar kuka, da ƙurar shanu masu komawa gida, kuma har yau muna ganin jimlolin sun yi daɗi. Sai a shafi na uku wani mutum ya zo a kan jaki, ya sauka, ya taya tura motar, ya kawo ruwa a buta aka zuba a lagireto, ya hau jakinsa ya tafi. Mun faɗi launin jakin. Mutumin kuwa ba mu ba shi suna ba, ba mu sa masa magana ko ɗaya a baki ba, ba mu ma faɗi ko tsoho ne ko saurayi ba. Labarin yana nan cikin akwati, ba mu kai shi maɗaba'a ba tukuna.