Nas Ɗaya, Gado Ashirin: Haƙƙin Yana Kan Wa?

Da daminar bara na kwana uku ina jinyar uwar maigidana a wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Daren farko ruwan da aka ɗaura mata ya ƙare, jini ya fara biyo robar. Na kira nas ɗin da ke aikin kwana, ta ce tana zuwa. Na koma har sau biyu. A na uku ko kallona ba ta yi ba. Wallahi abin da na faɗa a zuciyata ba zan so ɗalibaina na Islamiyya su ji ba. Sai da asuba na samu labari: wata mai jego ce jini ya ɓalle mata, kuma nas ɗin ita kaɗai ce a ɓangaren mata, gado wajen ashirin.

To, ta zalunce mu ke nan? Na daɗe ina juya tambayar nan. Mun saba ɗaukar adalci a matsayin raba daidai, wanda ya riga zuwa a riga sallamarsa. Jinya ba ta tafiya haka. Ko ke a gida, ranar da yaro ɗaya ya kwanta, sauran ukun haƙuri suke yi, ba wanda zai ce kin nuna bambanci. Amma fa huɗu gare ki, ba ashirin ba. Daidai ta yi da ta zaɓi mai zubar jini. Zaluncin yana wurin da aka bar mutum ɗaya da wannan zaɓi, aka ƙirga gadaje ba a auna nauyin ciwon da ke kansu ba.

Abin ba hasashe ba ne. A 2002 Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a Amurka, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Jihar Kalifoniya har doka gare ta tun 2004: a ɗakin masu tsananin ciwo nas ɗaya ba ta wuce mutum biyu.

Mu kuwa namu tafiya suke yi. A 2024 Dokta Faruk Umar Abubakar, lokacin yana magatakardan hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, ya ce sama da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka rage yawanci birni suke so. Shi ya sa a 2025 gwamnatin Sakkwato ta wajabta wa ma'aikatan lafiyar da ta ɗauki nauyin karatunsu aikin shekara biyu a karkara. Mu na Sanyinna da Kebbe mun san abin da ake nufi.

Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai nas mai yi wa mai naƙuda tsawa ko da gado biyu ne a gabanta, wannan hali ne, ba gajiya ba. Sai dai mu ma da namu kason. Malamai irin su Imam Gazali sun sa aikin magani cikin farilla ta kifaya: idan gari ya rasa masu yi, kowa ya ɗauki laifi. Rufaida Al-Aslamiyya a tantinta na masallacin Madina ta yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Yau maigida zai rantse namiji ba zai duba matarsa ba, shi ne kuma zai ce 'yarsa ba ta kwana asibiti. To 'yar wa za ta kwana?

Akwai wata ɗalibata da ta sauke, mai natsuwa, ga hannu mai sanyi. Ta samu gurbin karatun nas nan Tambuwal, kusa da gida. Baban ya ce sai ya yi shawara. Takardar tana nan cikin akwatin uwarta, wata na uku ke nan.