Mudun Gaskiya ga Mai Koyon Sana'a

'Yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wata tambaya da ta kamata iyaye da dattawan ekklesiya su zauna su duba ta da kyau, gama 'ya'yanmu da yawa yanzu suna koyon aikin hannu. Ga tambayar: idan yaro ya cika kwanakinsa wurin koyon sana'a, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna, daidai ne a ba shi takardar shaida domin tausayi? Mutane da dama za su amsa da sauri, su ce, "A ba shi mana, ai ɗan talaka ne, ya sami abin neman abinci." Masu faɗin haka ba mugaye ba ne. Amma bari mu bi maganar a hankali, mu ga inda wannan tausayi yake kai mu.

A zamanin kakanninmu ba a san takarda ba cikin sha'anin sana'a. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, ya yi shekaru yana kallon hannun ubansa kafin a bar shi ya riƙe masaba. Idan ya ƙera fartanya ta karye a gona, kafin magariba duk gari ya ji. Watau idon jama'a shi ne jarrabawa, ga kuma Sarkin Maƙera da Sarkin Magina masu tsawata wa wanda ya ɓata sunan sana'a.

Da Turawa suka zo sai aka shigar da aikin hannu cikin makaranta. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a. Daga baya masu koyon aikin hannu suka riƙa ɗaukar jarrabawar City and Guilds ta Ingila. A 1977 aka kafa hukumar NBTE a Kaduna domin lura da ilimin sana'a, a 1992 kuma aka kafa NABTEB, mai hedkwata a Benin, ita ce ke jarraba 'yan makarantun fasaha. Ma'aikatar Ƙwadago ma tana da nata gwajin sana'a mai hawa uku, daga na 3 zuwa na 1. Dalilin wannan duka ɗaya ne. Yaron da ya koyi walda a Gumel yana iya neman aiki a Dutse ko Kano ko Legas, inda ba wanda ya san ubansa ko ubangidansa. Takarda ce za ta yi magana a madadin idon gari.

To, tun da haka ne, sai mu gane ko mene ne wannan takarda. Sunanta ma ya faɗa mana: takardar shaida. Wanda ya sa hannu a kanta ya tsaya ke nan gaban mutanen da bai taɓa gani ba, yana ce musu, "Na duba aikin wannan mutum da idona, ku amince da shi." Idan bai duba ba, ko kuwa ya duba ya ga aikin bai yi ba, ya sa hannu duk da haka, ya yi shaidar zur. Doka ta tara cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:16) ta hana wannan, ba ta kuwa ware ƙaryar da aka yi da kyakkyawan nufi ba.

Wani zai ce, "Wa aka cuta?" Mu duba kusa da gida. A nan Ɗanzomo da sauran ƙasar Gumel daminarmu gajeriya ce. Manomin da garmar shanunsa ta rabu a wurin walda ran da ya kamata ya yi huɗa, ya yi hasarar kwanakin da ba za su komo ba sai baɗi. Amalanken da aka ɗora wa buhunan gero ko riɗi za a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis, idan ƙarfen ƙafarsa ya karye a hanya, sau da yawa yaro ne ke zaune a kai. Mai haɗa wayar lantarki ko ta sola, idan ya sa siririyar waya inda ake bukatar mai kauri, wayar takan yi zafi a hankali, wata rana da dare rufin ɗaki ya kama wuta. Duk waɗannan mutane ba su nan ran jarrabawa. Ba su roƙi kowa ba, ba su kai wa kowa goro ba, amma su ne za su biya kuɗin tausayin da aka yi wa wani.

Shari'ar Musa ta san da wannan. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye bakin soronsa da ɗan bango, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ashe a gaban Allah aikin ganganci yana iya zama alhakin rai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki. Bezalel, wanda ya shugabanci aikin alfarwa ta sujada, Littafi Mai Tsarki ya gaya mana Allah ne da kansa ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi gwaninta a kan zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa (Fitowa 31). Duk da haka, da aka gama aikin, sai da aka kawo kome gaban Musa ya duba, ya ga an yi shi yadda aka umarta, sa'an nan ya sa musu albarka (Fitowa 39:43). Dubawa ta riga albarka. In an duba aikin Bezalel, wane ne ɗanmu da zai ji kunya don an duba nasa? Bulus ma ya ce wa Timothawus a gwada masu hidimar ekklesiya tukuna kafin a danƙa musu aiki (1 Timothawus 3:10).

Amma kada mu rufe kunne ga masu ja da wannan magana, gama suna da hujja mai nauyi. Sukan ce, "Laifin yaron ne? An sa shi a ajin kafinta inda babu katako, an koya masa injin a jikin allo da alli." Wannan ya faru, ba sau ɗaya ba. Sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982 an sayo injuna daga ƙasashen waje domin ƙananan makarantun sakandare, amma a wurare da yawa suka zauna cikin akwatunansu, babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Labudda an zalunci yaran da suka yi karatu haka. Sai dai takardar ƙarya ba ta rama musu zaluncin. Abin da take yi shi ne ta ɓoye shi. In kowace shekara yara duka suka ci jarrabawa, wane ne zai san ɗakin aikin wofi ne, balle a gyara? Yaron kuma da aka ba takardar, ran da ya kama aiki aka miƙa masa kayan aiki, asirinsa ya tonu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗuwa a gaban malami tana da magani, amma sunan da ya ɓaci a kasuwa da wuya ya gyaru.

Tausayi na gaskiya fa yana da tsada. Shi ne a ce wa yaro, "Ɗana, aikinka bai kai ba tukuna, ga inda ya rage, ka ƙara wata uku ko shida, za mu sāke dubawa." Sa'an nan a tsaya masa da abinci da kayan koyo har ya kai. Sa hannu a takarda ba ya ɗaukar minti ɗaya, shi ya sa muka fi son sa.

Mudun gaskiya kuwa baki biyu gare shi. Kubawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, Misalai 11:1 kuma ta nuna yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin algus. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san tauye mudu babban zunubi ne. Kamar yadda laifi ne a cika wa wanda bai iya ba, haka nan laifi ne a tauye wa gwani. Akwai makanikan babur da teloli da masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa a Gagarawa da Sule Tankarkar waɗanda suka yi shekaru suna aiki mai kyau, amma in an ajiye musu takardar tambaya da Turanci za su faɗi. Wanda ya haddace littafi ya wuce, mai hannu ya koma gida. Wannan alƙalami aka auna, aka bar sana'a. Abin godiya ne da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2013 da wani tsari a ƙarƙashin NBTE, wanda ya yarda a je a duba mutum a bakin aikinsa, a ba shi shaida bisa ga abin da ya iya, ko da a gareji ya koya.

To, yaya gwajin gaskiya yake? Abu huɗu ne a ganina.

Na fari, a sa shi ya yi aikin a gaban ido, da kayan gaske. Gani ya kori ji. Walda takan yi sumul a waje alhali wuta ba ta ratsa ciki ba, saboda haka sai a lanƙwasa ƙarfen ko a yanka shi a duba. Birkila ya ɗora bulo, a sa igiya da ma'auni a ga ko bangon ya miƙe. Tela ya auna mutum, ya yanka, ya ɗinka, mai riga ya sa ta.

Na biyu, a gwada hankalinsa. A ɓata wani abu cikin babur da gangan, a ga ko zai bi sawun ciwon har ya same shi, ko kuwa zai yi ta sauya kaya da ka, mai babur yana biya. A tambaye shi dalilin abin da ya yi, da harshen da ya fi ji.

Na uku, kada malaminsa kaɗai ya yanke hukunci. Malami yana ƙaunar yaronsa, yana kuma son a ce ya iya koyarwa. Shari'a ta ce a tabbatar da magana ta bakin shaidu biyu ko uku (Kubawar Shari'a 19:15). A kira wani gwani daga waje, wanda ba dangi ba ne, ba kuwa a yi masa alkawarin kome ba.

Na huɗu, a tambayi ubangidansa game da amana. Yana mayar da ragowar yadi? Yana cika alkawarin rana? In ya ɓata aiki, yakan faɗa ko yakan rufe da fenti? Gwajin yini ɗaya ba ya nuna wannan, sai wanda ya zauna da yaro shekara da shekaru.

Yanzu maganar ta komo kanmu. Ku iyaye, kada ku je ku durƙusa wa mai jarrabawa, kada kuma ku kai masa abin da za a kira gaisuwa alhali kun san sunansa toshi. Ku masu sana'a cikin ekklesiya, kada ku yaye yaro don kun gaji da ciyar da shi, kada kuwa ku riƙe wanda ya ƙware don yana yi muku aikin banza. Wannan ma tauye mudu ne. Mu shugabanni, idan zumuntar mata ko ta matasa ta buɗe ajin ɗinki ko saƙa, kada mu raba takardu ran biki don kawai an ɗinka anko an gayyaci baƙi. Haka nan wasiƙar yabo da ake roƙon fasto ya rubuta, shaida ce, za a kuwa tambaye mu a kanta.

Mu kaɗan ne a wannan ƙasa. Mutane da yawa ba za su taɓa shiga majami'armu su ji wa'azi ba, amma za su zauna a kan kujerar da ɗanmu ya yi, su hau babur ɗin da ya gyara. Ubangijinmu kansa an san shi a Nazarat da sunan masassaƙi (Markus 6:3), Bulus kuma ya ci abinci da ɗinkin tanti (Ayyukan Manzanni 18:3). Bari ya zamana idan an ce wannan aikin mai bi ne, mai saye ya kwana da hankalinsa kwance.

Allah ya ba mu ƙarfin zuciya mu faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya, ya ba mu haƙurin tsaya musu har su iya. Amin.