LOKACIN GWAJI: AMANA CE A WUYAN MUTUM BIYU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, abin da ake kira lokacin gwaji shi ne kwanakin da ake ba mutum a ga kamun ludayinsa kafin a tabbatar da shi. Dokar aiki ta ƙasarmu, ta shekarar 2012, ta yarda da shi: a cikinsa mai aiki ko ma'aikaci, kowa yana iya janyewa. Alƙali kuma yakan yi wa mai laifi ɗaurin talala, ya tafi gida, in ya sake laifi hukuncin farko ya hau kansa.

Musulunci bai ƙi gwaji ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah Ya umurci waliyyai su jarraba marayu, in sun ga shiriya tare da su, su miƙa musu dukiyarsu. Ku lura, gwajin nan yana da iyaka, kuma ƙarshensa miƙa haƙƙi ne.

To ina mu da wannan? Mai shago ko mai gareji ya ɗauki yaro da sunan gwaji, yaro ya yi wata biyar yana buɗe shago tun da asuba, ko dala ba a ba shi ba. Ranar da ya tambayi albashi sai a ce bai iya ba, a sallame shi, a ɗauko ɗan wani. Wallahi wannan zalunci ne, ko da mai yin sa yana sahun gaba a masallaci. Buhari ya ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya cika masa, ya hana shi lada. Gumin kwanakin gwaji ma gumi ne. Ku faɗi wa'adi da lada tun ranar farko, ku rubuta.

Kai ma ma'aikaci, da kake sammako kana ladabi har a tabbatar da kai, sannan ka koma makara da ha'inci, wa ka yaudara?

Wanda aka yi wa talala kuwa, ya tuna Ka'abu ɗan Maliku. Ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, ya faɗi gaskiya, aka ƙaurace masa da abokansa biyu har kwana 50. A cikin ƙuncin nan takardar sarkin Gassan ta zo tana kiransa, ya jefa ta a wuta. Da Allah Ya karɓi tubarsu, a Suratut Tauba aya ta 118, sahabbai suka yi ta rige-rigen kai masa bushara. Mu fa, yaron unguwarmu da ya dawo daga gaban alƙali, wa ya ba shi aiki a cikinmu?

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.