Tarairayar Iyali Bayan An Shafa Fatiha

Duk wanda ya san yadda ake neman aure a ƙasar Hausa ya san namiji ba ya rasa dabarar faranta ran mace muddin nemanta yake yi. Saurayi zai yi wanka bayan Magariba, ya sa shaddarsa da ta sha bugu, ya kafa hula, ya feshe jikinsa da turare, ya je ƙofar gidansu ya aiki yaro: "Shiga ka ce ana sallama da Wance." Zai tsaya a bakin zaure sauro na cizonsa, ita kuwa tana ciki tana shafa hoda, ko tsaki ba zai yi ba. In ta fito, ranki ya daɗe ne da gimbiya. Ya san launin atamfar da take so, ya san ranar da za ta fara jarrabawa, in ƙanwarta ta yi zazzaɓi shi ne na farkon zuwa dubiya. To, a ɗaura aure, a kai amarya, abokai su sayi baki su watse, a ba shi 'yan watanni. Mutumin nan dai shi ne zai dawo daga majalisa dare ya raba, ta ce "Sannu da zuwa, maigida," ya ce "Yauwa," ta buɗe masa kular tuwo ta zuba miya, ya ci da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya. Ba za ta ji ra'ayinsa a kan girkin ba sai ranar da gishiri ya zarce. Mun saba da wannan har muna ɗaukarsa ɗabi'ar aure, muna cewa ai yau da gobe ce. Ni kuwa a ganina sakaci ne, domin tarairaya haƙƙi ce da mace take bin mijinta kamar yadda take binsa ci da sha da sutura, kuma abu ce da ake koya, wanda ya iya ta a waje ba shi da hujjar mantawa da ita a cikin gida.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wa muke koya wa zaman aure. Kafin biki, amarya takan shafe kwanaki a hannun masu gyaran jiki, ga dilka, ga lalle, ga turaren wuta da humra. Gwaggonni da innoni su zaunar da ita su yi mata nasihar yi-na-yi bari-na-bari, su koya mata yadda ake tarbar miji da yadda ake lallashinsa in ya yi fushi. Kasuwar kayan mata kuwa ta tashi daga ƙullin tsofaffi ta koma shaguna da shafukan Instagram, mata suna zuba kuɗi masu yawa don su riƙe zuciyar miji. Shi angon fa? Kawunsa zai ce masa "Ka riƙe amana, ka ji tsoron Allah," magana mai kyau amma a dunƙule. Sauran karatun abokai ne za su ba shi a majalisa, kuma darasinsu sananne ne: kada ka sakar mata fuska, kada ta ga lagonka. Wato an tura mutum biyu aiki ɗaya, an koya wa ɗaya yadda za ta matso, an koya wa ɗayan yadda zai ja baya.

Matan ba su ɓoye abin da suke nema ba, rubuta shi ma suka yi. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, zuwa ambaliyar littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan marubuta mata da suka biyo bayansu, jigon da ke ta dawowa shi ne na mace mai son mijin da zai saurare ta, ya yi hira da ita, ya ɗauke ta abokiyar shawara. Da yawa daga littattafan nan suna da rauni ta fuskar fasaha, wasu kuma sun cika mafarkin motoci da gidajen bene, wannan ba a musu. An zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona tarinsu a Kano bayan an karɓe su daga hannun 'yan makarantun mata. Amma da magidanta sun zauna sun karanta ko da guda biyu ne da idon basira, da sun gane takardar koke ce aka rubuto musu. Matar da ke kashe kuɗin cefanenta tana hayar littafi, ko a yau take kwana tana karanta labari a waya, don ta ji yadda wani miji na ƙage yake yi wa matarsa magana mai taushi, tana faɗa mana abin da babu a ɗakinta.

Sukar da aka fi yi ita ce wai duk wannan zancen tarairaya baƙon abu ne, finafinan Indiya da na Turawa ne suka kawo shi, Kannywood kuma ta yaɗa. Gaskiya ne finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na Arewa, kuma sun yi tasiri a kan yadda matasa ke fasalta soyayya. Rawa a gindin bishiya da rera waƙa cikin ruwan sama ba namu ba ne, babu kuma mai hankalin da ke neman magidanci ya yi su. Sai dai mai wannan suka ya manta da abin da ke cikin littattafan da yake karantawa a gaban malaminsa. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da Allah Ya sanya tsakanin ma'aurata, aya ta 19 a Suratun Nisa'i kuma ta yi umarni da kyautata zama da mata. A cikin ingantattun hadisai an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a hanyar tafiya, yakan sha ruwa ta daidai inda ta sa bakinta a ƙoƙo, yakan taya iyalinsa aikin gida, kuma a hanyar dawowa daga Khaibara ya kafa gwiwarsa Nana Safiyya ta taka ta hau raƙumi. Da Amru ɗan Asi ya tambaye shi wanda ya fi so a cikin mutane, sunan matarsa ya fara ambata, bai ɓoye ba. Ya kuma sanar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta. An ruwaito Ibnu Abbas yana yi wa matarsa ado kamar yadda yake so ta yi masa. A nan gida ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya caccaki malaman zamaninsa da ke barin matansu cikin jahilci, suna mu'amala da su tamkar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar a juji. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa, da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu, marsiyya ta rubuta masa. Saboda haka in ana neman baƙon abu a cikin gidajenmu, ɗaure fuskar nan ce ya kamata a tambaya daga ina ta zo, don ba a sunna aka samo ta ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, wato kunya. Bahaushe yana alfahari da kunya da kawaici, yana da dalili kuwa. Tarbiyyar da ta hana mace kiran sunan mijinta gatsau, ta sa uwa take kawar da kai daga ɗan farinta, ta sa suruki yake cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa, ita ce ta riƙe mutunci a gidajen da kakanni da 'ya'ya da jikoki suke zaune tsakar gida ɗaya. Wanda ya tashi a irin wannan gida bai taɓa ganin mahaifinsa yana wasa da mahaifiyarsa ba, don haka harshensa yakan yi nauyi in ya zo faɗin kalma mai daɗi. Wannan uzuri ne na gaske. Amma kunya tana da muhalli. An yi ta ne domin idon jama'a, domin surukai da 'ya'ya da baƙi. Ba wanda ya ce a riƙe hannun mata a tsakiyar kasuwar Kwari. Magana ake yi a kan abin da ke faruwa bayan an saki labule, inda babu suruki babu baƙo. Kuma rashin ganin da yaro ya yi ba ya nuna babu abin. Tsofaffinmu sun iya ɓoye ƙauna, ba su rasa ta ba. Akwai ƙunshin tsiren da ake shigowa da shi a aljihun babbar riga bayan yara sun yi barci, akwai goron da ake ware wa uwargida daban, akwai turmin atamfar da ake ajiye mata a kan gado ba tare da sallah ta zo ba. Ɗan yau ya gaji ɓoyewar, ya bar abin da ake ɓoyewa. Sannan abin mamaki, kunyar da ke hana shi ce wa matarsa "Kin yi kyau" a cikin ɗaki ba ta hana shi daka mata tsawa a tsakar gida a gaban 'ya'yanta da maƙwabta. Kunyar da ke tare alheri kaɗai, ta bar wa cin fuska hanya, sunanta girman kai.

Daga nan sai tsoron raini. Kalmar mijin-ta-ce ta hana maza da yawa aikata alherin da zuciyarsu ke so. Mutum ya ɗauki jariri don matarsa ta samu ta yi wanka, ko ya koma gida da wuri, sai a ce an shanye shi, an mallake shi, wataƙila ma danginsa su fara neman masa magani. A nan sai a bambance abu biyu da aka cakuɗa. Namijin da ya yi watsi da iyayensa da 'yan'uwansa saboda mace ya yi laifi, kuma laifinsa rashin adalci ne. Wanda ya tausasa wa matarsa bai tauye haƙƙin kowa ba. Raini kuma ba daga sakin fuska yake zuwa ba. Abin da ke zubar da girman miji a idon matarsa shi ne ta kama shi da ƙarya, ko ya yi alkawari ya saɓa, ko ta ga yana rawar jiki a kan wata a waje alhali ita ko kallo ba ta ishe shi ba. Matar da ake tsoratarwa takan yi shiru, gaskiya ne, sai dai shirun nan ba ladabi ba ne, kuma yakan ƙare ranar da ta ga ƙofa.

Wasu za su ce so gamon jini ne, ba a koyonsa, wanda ya ƙaƙalo shi kuwa munafunci yake yi. Gamon jini shi ke haɗa mutane, amma abin da ke riƙe su aiki ne na yau da kullum, kuma an auna wannan. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington da ke Amurka, John Gottman, ya sa ido a kan yadda sababbin ma'aurata ke mu'amala, sannan ya bibiye su bayan shekara 6. Abin da ya ƙirga ƙanana ne: ɗaya ya yi 'yar magana ko ya nuna wani abu yana neman hankalin ɗayan, shin an juyo an kula shi ko an share? Waɗanda aurensu ya ɗore sun riƙa amsa irin wannan kira kusan kashi 86 cikin 100, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33 kacal. Amurkawa aka yi wa binciken, al'adarsu daban da tamu, amma duk matar da ta taɓa cewa "Baban Abba, ka ji abin da ya faru yau kuwa?" aka amsa mata da "Uhm" ba tare da an ɗago kai ba ta san abin da aka auna. Wannan ma ya amsa wa masu cewa soyayya sai mai kuɗi. Talauci yana ƙuntata rai, mai neman na cefane ba ya cika samun sukunin raha, amma ajiye waya, da tambayar yadda ta wuni, da yi mata sannu da aiki, da raka ta awo asibiti, ba a sayensu da ko sisi. Batun munafunci kuwa, ai ba a haifi kowa da iya gaisuwa ba, koya masa aka yi har ta zama jiki. Wanda ya tilasta wa harshensa faɗin alheri yau, gobe ba sai ya tilasta ba.

Ba a ce mata ba su da nasu laifin ba. Akwai wadda ba ta tarbar miji sai da lissafin abin da ya ƙare, akwai mai gwada shi da mijin ƙawarta. Amma su kullum ana yi musu wa'azi a rediyo da islamiyya da gidan biki, don haka ba su ne ke da ƙarancin mai tunatarwa ba. Mai mace fiye da ɗaya kuma nauyinsa ninki ne, domin rabon kwana da na cefane kowa na iya lissafa shi, amma uwargidan da ta ga ana yi wa amarya dariyar da ita ba a taɓa yi mata ba ta san an tauye ta ko da kwananta bai ragu ba.

Kowa ya san yadda mutuwar aure ta yi yawa a Arewa, musamman a Kano. A 2012 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah da ma'aurata 100, a 2023 kuma aka ɗaura wa 1,800 a lokaci guda, da sadaki da gado da katifa da ɗan jari. Aikin alheri ne. Ba kuma za a ce rashin tarairaya kaɗai ke kashe aure ba, ga talauci, ga auren dole, ga katsalandan ɗin dangi, ga sakin da ake furtawa cikin fushi. Sai dai gwamnati tana iya sayen katifa, ba ta iya sa miji ya yi wa matarsa magana mai daɗi. A 2024 Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, ana duba jini don kauce wa sikila da cututtuka masu yaɗuwa. A Maleshiya, Musulmi ba ya samun izinin ɗaurin aure sai ya halarci kwas na zaman aure, namiji da mace duka. Limamanmu da waliyyai da hukumomin Hisbah suna da ikon yin irin wannan kwas ba tare da jiran kowa ba. Kafin a shafa fatiha, a samu dattijon da zai zaunar da ango kamar yadda gwaggonni ke zaunar da amarya, ya karanta masa yadda Annabi ya zauna da iyalinsa dalla-dalla, ya kuma gaya masa a fili cewa hirar da yake zuwa yi a zaure yanzu ne za ta fara.