GANYEN DA NA TSINKO A FARIN RUWA



'Yan'uwa, kwanakin baya da muka kammala wa'azi a Akwanga, ɗalibai suka matsa sai mun je mun ga Farin Ruwa, can Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, kusa da iyakar Filato. Na so in ƙi saboda gwiwa, amma suka rinjaye ni. Mota ta kai mu inda za ta iya, muka hau acaɓa, ƙarshe muka taka da ƙafa cikin kurmi.

Tun ba mu ga ruwan ba muke jin rugugin sa. Da muka ɓullo, sai ga shi yana gangarowa daga kan dutse, tsayin kimanin mita 150, fari fat kamar an zazzage auduga. Wallahi duk surutun ɗaliban nan sai ya mutu. Subhanallah kawai kake ji.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. A jikin dutsen, inda feshin ruwa ke sauka dare da rana, akwai gansakuka shimfiɗe kamar darduma, da wasu 'yan tsirrai masu ganye siriri kamar gashin tsuntsu. Duk yawona a Arewa ban taɓa ganin irin su ba. Babu ƙasa a wurin, babu taki, babu mai ban-ruwa. Dutse ne tsurarsa, ga su kore shar.

Na sa hannu na tsinko ɗaya, na ce zan dasa a tsakar gida. Yaron da ya yi mana jagora ya ce, "Malam, da ka bar shi. Ba ya rayuwa sai inda raɓar nan take taɓa shi." Na yi murmushi na sa a aljihu. Kafin mu iso inda muka bar mota ya yi yaushi. Da Magariba ya zama kamar tsumma.

Na ji kunya ta kama ni. Na farko, na kashe halittar da ke tasbihi ga Ubangijinta, ba don ci ba, ba don magani ba, sha'awa kawai. Ni da nake hawa mumbari ina cewa ƙasa amana ce! Kuma a hanya mun wuce buhunan gawayi jere, kowane buhu itace ne da aka kayar. In inuwar kurmi ta tafi, ina waɗannan tsirrai za su zauna?

Na biyu, na tuna wani ɗalibina. Yaro ne mai haddar izu talatin, kullum yana sahun farko. Ya tafi birni neman kuɗi, ya bar makaranta, ya bar abokan kirki. Bai yi ridda ba, bai shiga shaye-shaye ba. Nisa kawai ya yi da inda ake ambaton Allah. Bayan shekara biyu da muka haɗu, Asuba ma sai rana ta fito. Ni kuma duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ban kira shi ba.

Aya ta 74 a Suratul Baƙara tana gaya mana cewa zuciya tana iya fin dutse tauri, domin dutse ma akwai wanda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa. Ni na ga dutse yana raya tsiro da idona. To kai ɗan'uwa, yaushe rabonka da jam'in Asuba? Yaushe rabonki da buɗe Alƙur'ani, 'yar'uwa? Wa kuka sani da ya yi nisa, kuka yi shiru?

A daren nan na nemi lambar yaron na kira shi. Ya ɗauka. Ku taya ni yi masa addu'a, kuma kowa ya kira nasa yau.

Allah Ya yafe mini ganyen nan, Ya raya zukatanmu da ambatonSa, Ya dawo mana da 'ya'yanmu da suka yi nisa. Amin.