Bayani A Kan Inda Baiti Yake Fitowa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, wani almajirina a Yendi ya karanta waƙar da ke cikin wannan ɗan littafi, ya iske ambaton albasa da mudu da jaki, sai ya ce mini, "Allah Ya gafarta Malam, ashe ya dace a sa abin kasuwa cikin waƙar da za a rera a zawiya?" Tambaya ce mai kyau, shi ya sa na amsa ta a rubuce.

Ku sani ban ƙago wannan hanya ba. Alhaji Umaru, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya riga mu. Malami ne wanda ya san luga da arulli, har ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Duk da haka ya yi waƙa a kan talauci da wadata, da zuwan Nasara, da yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, har da murar nan ta 1918 da aka kira tunkuyau. Wanda ya zauna a garin da ayarin goro yake tashi ya bi ta Yendi zuwa ƙasar Hausa, me zai gani in ba fatake da bashi da ciwo da rabuwa ba? Abin da idonsa ya gani shi alƙalaminsa ya rubuta. Alkur'ani mai girma ma ya buga misali da sauro, kuma akwai surori da aka kira da sunan tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo. Ƙanƙantar abu ba ta hana shi zama aya.

Ni kuwa, ga yadda baiti yake zo mini. Ba ya zuwa in na zauna da alƙalami ina jiransa. Ran wata kasuwar Bawku na tsaya kusa da wata tsohuwa mai sayar da albasa. Ta kasa kashi-kashi, kowane kashi ta ɗora masa ƙarama guda gyara, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Tun daga nan har masauki bakina yana motsi, ina auna kalma da takun ƙafata, domin tafiya ita ce ma'aunina tun kafin in karanta arulli. Da asuba na rubuta baiti bakwai a kan falalar Allah da take zuwa ba da roƙo ba.

Amma akwai wurin tsoro, kuma almajirin nan bai hango shi ba. Ba albasa ce abin tsoro ba, ƙafiya ce. A waƙar nan na buƙaci kalma mai ƙarewa da "ta", sai harshena ya kawo "cuta", na ce 'yan kasuwa duk sana'arsu cuta. Baitin ya zauna daram, ya yi daɗin rerawa. Kwana uku ina jin daɗinsa, sa'an nan na tuna tsohuwar da ta ba ni waƙar tun farko, ga shi na saka ta cikin macuta don kawai ƙarshen layi ya daidaita. Wannan shi ne irin abin da ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙa da shi, ya kuma keɓe waɗanda suka yi imani suka yawaita ambaton Allah. Ƙarya a zance tana mutuwa a inda aka faɗe ta. Ƙarya a waƙa kuwa yara suna haddace ta, a rera ta bayan mai ita ya shiga kabari, alhakin yana bin sa.

Na goge baitin. Wanda na mayar a gurbinsa, na goma sha ɗaya, ya fi shi rauni, mai kunne zai ji yana ɗingishi. Na bar shi haka nan, kada wani ya gyara mini shi in an sake bugawa.